Katin da Duba-Jaka Ta Ƙi Karɓa

Shekara ashirin da biyu ta yi a bayan kantar laburaren kwalejin, kuma ba a taɓa jin ranar da ta yarda da ɗalibi ba. Ɗalibai suna kiranta Duba-Jaka. Ta san da sunan, bai kuma dame ta ba, don jakar dai sai ta duba. In ka dawo da littafi, sai ta kama shi ta ƙeya ta girgiza, ta buɗe tsakiya ta shinshina, ta bi shafukan da ke da zane ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago ta dube ka ta saman tabarau kamar ka riga ka amsa laifi. Ko a gida haka take. Maigidanta, tsohon direban bas da ya ajiye aiki, yakan ce ko surukai ne suka zo suka tafi, sai ta leƙa kicin ta ga ko cokula sun cika. Ba ta musu. Takan ce ai sau biyu ba su cika ba.

To, ranar Alhamis ɗin nan rayuwar wata yarinya aka kawo aka ajiye a gabanta, ita kuwa baiwar Allah ta duƙufa duban shafuka. Gara ku sani tun yanzu, don ita ba ta sani ba sai da aka kusa makara.

Saura mako uku a fara jarrabawa. Duk wanda ya san laburare ya san a irin wannan lokaci ba mai dawo da littafi don Allah. Ɓoyewa ake yi. Wani ya ɗauki littafin lissafi ya cusa a layin tarihi don kada kowa ya gani sai shi, wata ta rantse littafin yana wurin ƙawarta, ƙawar ta rantse ba ta taɓa ganinsa ba. Sai ga yarinya bayan hutun cin abincin rana ta rungumo littattafai goma sha ɗaya har suna taɓa mata haɓa, ta jera su a kan kantar, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ta ɗora katinta na laburare a kai, ta ɗora makullin lokarta ta ajiyar kaya a kan katin. Ta gaishe da Duba-Jaka da murmushi, ta ce duka ta dawo da su.

Duba-Jaka ta san ta sarai. 'Yar aji uku ce a sashen injiniya, ana kiranta Sai-Alheri, don ba ta da wata amsa bayan wannan. A ɗauke wuta ana tsakiyar karatu, sai alheri. Malami ya matso da ranar gwaji, sai alheri. Ruwa ya yi mata dukan tsiya ta shigo tana ɗiga, ka yi mata sannu, sai alheri. Ita ce mai lallashin 'yan ajinsu in sakamako ya fito, ita ce mai miƙa biskit ta ƙarƙashin tebur. Ƙawarta ta ƙut da ƙut kuwa, wadda suke ɗaki ɗaya, Shiga-Uku ake ce mata, ta kuma ci sunanta. Tun ranar da aka buɗe zango take faɗin za ta faɗi, malamai sun tsane ta, rufin laburaren nan wata rana zai rufto, ko an gama ma ina aikin yake. Ita kowa ke yi wa fargaba. Har sau biyu matar da ke ofishin ba ɗalibai shawara ta kira ta suka zauna, ta fito tana mitar kujerar ofishin ma ta kusa karyewa da ita. Sai-Alheri kuwa ba a taɓa kiranta ba. A kira ta a ce mata me?

A cikin su biyun Duba-Jaka ta fi shiri da mai mitar. A ganinta mai ƙorafi ya riga ya zazzage abin da ke cikinsa, mai yawan fara'a kuwa akwai abin da ya rufe. Sai dai duk abin da take tunanin ana rufewa bai wuce littafi a ƙarƙashin riga ba.

Dogo, abokin aikinta mai mayar da littattafai layi, ya turo kekensa ya tsaya yana yabawa. Ya ce da haka duk ɗalibai suke, da tuni ya yi ƙiba. Duba-Jaka ta watsa masa harara, ya tura kekensa ya yi gaba. Ta sa yatsa ta ture katin gefe.

"Kati kuma na mene ne?"

"Na gama da shi, Mama."

Sannan yarinyar ta roƙi wata alfarma. Akwai babban littafin lissafin gini, kwafi ɗaya tak da kwalejin ke da shi, wanda ta yi mako shida sunanta yana layin jira, gobe kuma zai iso kanta. Ta ce a soke sunanta a sa na ƙawarta.

Nan fa Duba-Jaka ta tabbatar akwai wata a ƙasa. Ɗalibin injiniya ya bar wannan littafin ana saura mako uku jarrabawa? Ai ta ga 'yan ɗaki ɗaya sun daina gaisawa a kansa. Ta ce a ranta, yarinya, da ni kike zancen. Ta sha ganin irin wannan ladabin. Ɗalibi ya zare shafuka goma daga tsakiyar littafi, ya haɗo shi da wasu lafiyayyu ya kawo a dunƙule lokacin da kantar ta cika, don a gaji a karɓa ba dubawa. Wani ya ɓamɓare lambar sabon littafi ya manna wa tsohon da ya sayo a bakin titi. Wata kuma ta kawo duk abin da ke rubuce da sunanta ta wanke kanta tas, alhali mai tsadar yana can an fita da shi da katin ƙawa. Duba-Jaka ta nuna mata bencin da ke jikin bango, ta ce ta zauna, ba inda za ta sai an duba su ɗaya bayan ɗaya, ko da za a kai awa biyu.

"Ba komai, Mama. Ba sauri nake ba."

Ta zauna ta ɗora hannuwa a cinya. Duba-Jaka ta jawo na farko, ta kama ƙeya ta girgiza. Ba abin da ya faɗo. Ta duba lambar, tata ce, da rubutun hannunta. Ta bi zane-zanen gadoji da ginshiƙai, duk suna nan. Na biyu haka, na uku haka. Tana dubawa tana satar kallon bencin, tana jira ta ga ƙafa ta fara rawa ko ido ya fara neman ƙofa. Shiru. Yarinyar tana kallon taga kawai, fuskarta a sake, kamar wadda ta gama wanki ta shanya.

A na huɗu ne abin ya fara ba ta haushi ta wata fuskar. Littafin da ya yi wata guda a hannun ɗalibi ba ya dawowa haka. Sai ka girgizo tikitin mota, ko ɓawon alewa, ko guntun takarda da lambar wayar wani, ko tabon shayi a gefen shafi. Wannan yarinyar ma musamman, sau nawa suka yi da ita a kan fensir? Ba ta iya karatu sai tana jan layi, tana rubuta wa kanta 'yan kalmomi a gefe, wai za ki iya, wai saura kaɗan. Duba-Jaka ta sha sa ta tsaya a nan gaban kantar ta goge, tana gogewa tana dariya. Yau ko ɗigo babu. Ta kai littafin kusa da fitila ta karkata shi. Ga sawun fensir nan a jikin takarda, an bi shi an goge tas. Ta buɗe tsakiya sosai har ɗinkin ya bayyana, sai ga ɓurɓushin roba ya cika lungun. Ta duba na biyar, haka. Na shida, haka. Wato yarinyar nan zama ta yi ta bi littattafai goma sha ɗaya shafi-shafi, ta share duk inda hannunta ya taɓa.

Me take ɓoyewa? Duba-Jaka ta shiga jefa mata tambayoyi daga inda take, kamar ba da wata manufa ba. Ko makaranta za ta canza? A'a. Ko tafiya ce ta taso a gida? A'a. Ko dai wani ne ya fito, za a sha biki ba a gaya wa tsofaffi ba? Yarinyar ta yi 'yar dariya ta girgiza kai. To da me za ta yi karatun jarrabawa? Ta ce karatun da za ta yi ta riga ta yi shi. Duk amsoshin a natse, ba kame-kame, ba rantsuwa. Maƙaryaci yakan cika magana, wannan kuwa ko kalma ɗaya ba ta ƙara a kan abin da aka tambaye ta.

Ana haka Shiga-Uku ta faɗo laburaren da littattafai biyu a hammata, tun daga ƙofa ake jin mitarta. Ta zo a sabunta mata ne, ko da yake ta san ba amfani, faɗuwa dai ta riga ta faɗi, amma a ƙara mata mako biyu, in da hali uku. Ta miƙa jakarta a duba tun kafin a tambaya. Duba-Jaka ta zuge zif, sai ga kalkuleta mai murfi shuɗi, wadda ta sha gani a wata jakar daban. Ta ɗago ido, ta ga agogo a hannun Shiga-Uku, shi ma ta san shi. Zuciyarta ta ce, yauwa, ga ɓarauniya ta kawo kanta.

Ta tambaya a ina ta samo. Shiga-Uku ta nuna bencin da haɓa, ta ce ga mai su can zaune, ita ta ba ta. Ba su kaɗai ba ma, har fitilar karatu da bargo da takalmin da ta daɗe tana roƙo a ara mata. Jiya kuma ta wuni tana wanke ɗakinsu har bayan ƙofa, ta mayar wa 'yan ɗakin gaba da bokitinsu da dutsen guga. Ta ce ita dai ta san kyauta irin wannan ba ta ƙarewa lafiya, ƙila agogon ma ya tsaya gobe. Ta faɗa tana dariya, Sai-Alheri ma tana murmushi daga benci.

Duba-Jaka ta buga mata hatimi ba ta ko ga inda ta buga ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Autan gidan su Duba-Jaka yana shekarar ƙarshe a kwaleji, yaro mai fushi da kowa, kullum fuska a murtuke. Wata Juma'a ya dawo gida hutun ƙarshen mako da fara'a. Ya gyara famfon da ya yi wata uku yana ɗiga, ya mayar wa maƙwabci famfon keken da ya ara tun bara, ya wanke kayansa ya goge ya ninke. Ya kawo mata rediyonsa, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya ce ta riƙe. Innarsu ta yi ta godiya ga Allah, wai Auta ya yi hankali. Ita kuma, ita da ake ce wa mai wayon gidan, abin da ta tsaya yi shi ne jujjuya rediyon tana neman inda ya lalace, don ta san ba zai ba ta mai kyau a banza ba. Ranar Litinin aka zo daga makaranta aka kira babansu waje. Har iyayen suka bar duniya ba a taɓa kiran abin da sunansa a gidan ba, sai dai a ce rashin da aka yi.

Ta dubi littattafan da ke gabanta, da katin, da makullin. Ta dubi yarinyar da ba ta sauri. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun waccan Litinin ɗin. Sai kuma wani tsoron ya biyo baya: in fa ba haka ba ne? Ka dubi 'yar mutane, mai hankali, mai fara'a, ka jefa mata wannan magana? In ta kai ƙara fa? In kuma tambayar ce za ta sa mata abin da babu a ranta? Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Shekara ashirin da biyu tana tuhumar 'ya'yan mutane da satar takarda ba ta taɓa jin nauyi ba, yau ga tambaya ɗaya ta gagare ta.

Yarinyar ta miƙe tsaye, ta ce in an gama za ta wuce. Wannan miƙewar ce ta yanke shawarar.

Duba-Jaka ta ce ba a gama ba, akwai littafi ɗaya da ke da matsala, ta biyo ta ciki. Ta ce wa Shiga-Uku ta jira a nan kada ta motsa. Ta shige da yarinyar ɗakin baya inda ake ɗinke littattafan da suka yage, ɗan ƙaramin ɗaki mai warin gam, da zare da allurai a gwangwani, da tarin marasa bango har rufi. Ta tura ƙofa. Ta kawar da kaya daga kan kujera ta zaunar da ita, ita kuma ta zauna a kan kwali, gwiwarsu na kusan haɗuwa.

"'Yata, zan tambaye ki abu ɗaya, kuma ba na son amsar da kike ba kowa. Kina tunanin kashe kanki ne?"

Murmushin ya taso kamar yadda ya saba. Yarinyar ta buɗe baki ta ce, "Sai..." Ta tsaya. Ta dubi ƙofa, ta dubi gwangwanin zare, ta rasa inda za ta ajiye idonta. Can ta gyaɗa kai sau ɗaya, a hankali.

Duba-Jaka ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kuma yi faɗa ba, ko da yake duka biyun sun zo mata baki. Ta kama hannunta kawai ta riƙe, ta ce tana ji.

Maganar ta fito a gutsure. Akwai kwas ɗaya na lissafi da ta faɗi tun tana aji ɗaya. Ta sake, ta faɗi. Ta sake na uku, sakamako ya fito watan jiya. Dokar sashen kuwa sau uku ne. Ta zaro takarda daga aljihu, ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma: an sallame ta, daga ƙarshen wannan zango. Ba wanda ya sani, har ƙawarta. Babanta tela ne, shi ya raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, kuma tun ranar da ta samu gurbi ya daina kiran sunanta, sai Injiniya. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji labarin Injiniya. Duk ranar Lahadi in ya kira ya ce ya karatu, amsa ɗaya take ba shi, shekara uku. Ta ce ba ƙarya take yi ba da farko, wallahi ta yarda za a dace. Karo na biyu ma ta yarda. Ta yi makonni tana kuka a banɗaki tana fitowa tana lallashin wasu, sai shekaranjiya ta ji kukan ya tsaya, hankalinta ya kwanta. Wannan kwanciyar hankalin ita ta fi komai tayar wa Duba-Jaka da hankali.

"Ƙawata kullum tana hango gobe baƙa ƙirin, Mama, amma dai tana hango ta. Ni na duba, na sake dubawa, ban ga komai a wurin ba."

Duba-Jaka ba mai iya magana mai daɗi ba ce, ba ta kuma yi ƙoƙarin koya a ranar ba. Ba ta ce mata komai zai wuce ba, don ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ta faɗa. Ta ba ta labarin Auta, wanda ko maigidanta bai taɓa ji daga bakinta da sunansa na gaskiya ba.

"Rediyon yana nan a saman durowata. Shekara talatin da ɗaya ban kunna shi ba, ban kuma iya yar da shi ba. Kada ki bar wa yarinyar can agogo ta yi ta kallo."

Nan kukan ya dawo, mai sauti, har da shessheƙa. Duba-Jaka ta bar ta ta yi, tana riƙe da hannun. Da ya lafa ta gaya mata yadda za a yi, a muryar da take gaya wa ɗalibai dokar laburare. Yanzu za su tashi su je asibitin makaranta tare, a ƙafa, ita da ita da ƙawarta. Za ta faɗa wa likita abin da ta faɗa a nan. Za a kira wani daga gida, in ba ta iya fuskantar babanta yau ba ta zaɓi wani. Yarinyar ta ce goggonta. Ta ce to, goggo. Ba kuma za a bar ta ita kaɗai ba, ko ta so ko ta ƙi.

Da suka fito, Duba-Jaka ta tsaya a kantar ta ɗauki katin ta miƙa mata. Yarinyar ta ce ai ba shi da amfani, an sallame ta.

"Takardar ta ce ƙarshen zango. Zango ya ƙare ne? Ni ba na karɓar kati a tsakiyar zango."

Ta miƙa hannu kan keken Dogo ta zaro littafin da ya fara zuwa hannunta, ko bangon ba ta duba ba. Ta juya hatimi zuwa mako biyu, ranar Alhamis, ta buga, ta danƙa mata. Ta ce ranar za a dawo da shi, hannu da hannu, ba aike, ba saƙo. Sai daga baya aka lura littafin kiwon zuma ne.

Sannan ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Ta zagayo ta bar kantar, ɗalibai na shiga na fita da jakunkuna, ta ce wa Dogo ya kula. Dogo ya tsaya baki buɗe da littafi a hannu. Shiga-Uku ta fahimci inda aka dosa. Ta cire agogon tun a hanya ta ɗaura wa mai shi.

Likitar mace ce mai sanyin murya, ta shiga da yarinyar ta rufe ƙofa. Duba-Jaka ba ta yarda da ita ba ita ma, ta ga kamar ta cika ƙuruciya, don haka ta zauna a bencin waje ta kafa ido a ƙofar har goggon ta iso da mayafi a karkace. Sai da ta yi wa goggon tambayoyi, ta tabbatar a ɗaki ɗaya za su kwana kuma ta fahimci ranakun da likita ta sa, sannan ta koma bakin aikinta.

Sauran labarin daga bakin Shiga-Uku ta riƙa jin sa, a cikin mita. Wai baban ya iso washegari da tef ɗin awo a wuya, ya manta bai cire ba. Ya karanta takardar sau biyu, ya ninke, ya rasa inda zai sa ta. Bai ce Injiniya ba. Ya kira ta da sunan da yake kiranta tun tana rarrafe, ya zauna kusa da ita, hawaye na zuba a kan tef ɗin. An tafi da ita gidan goggo. Ita dai Shiga-Uku ta ce ba ta ga alamar za a warke da wuri ba, kuma ɗakin ya yi mata faɗi, ga sauro. A makon ne kuma aka gano littafi ɗaya ya yi ƙafa a yammacin da aka bar wa Dogo ƙofa. Ya zo yana sosa ƙeya yana jiran tsiya, Duba-Jaka ta ce a bar shi. Da maigidanta ya ji, ya ce lallai a kai ta asibiti ita ma.

Ranar Alhamis ɗin da hatimi ya nuna, tun safe take kallon ƙofa. Duk inuwar da ta gifta sai ta ɗago. Ta duba jakunkuna sama-sama, har wani ɗalibi ya tambaye ta ko lafiya. Shiga-Uku ba ta leƙo ba, tana can ɗakin jarrabawar gwaji. Rana ta yi, yamma ta yi, aka kaɗa ƙararrawar tashi. Ba ta zo ba. Duba-Jaka tana da lambar goggon a rubuce a bayan kalandar tebur, ta ɗauki waya sau uku tana ajiyewa, don tana tsoron abin da za a ce mata. Ta koma gida ta kasa cin abinci. Maigidan ya dube ta, ya ga ba ranar tsokana ba ce, ya ja bakinsa.

Da safe tana cikin jera hatimai ta ji an ajiye littafi a kan kantar. Ta ɗago. Yarinyar ta rame, idonta ya faɗa, ba murmushi ko kaɗan. Ta bakin ƙofa ana hango goggon tsaye tana jira. Duba-Jaka ta dafa kantar. Abin da ya fito daga bakinta shi ne an makara da kwana ɗaya. Yarinyar ta ce jiya ta kasa tashi daga gado, yau ta iya.

"Ya jikin?"

"Ba daɗi, Mama. Wasu ranakun da dama-dama. Littafin nan kuma, gaskiya, ba wanda zai iya karanta shi. Shafi arba'in ana maganar hayaƙi."

Duba-Jaka ta kama shi ta ƙeya ta girgiza. Katin ganin likita ya faɗo, da ɓawon alewa. Ta buɗe tsakiya, ta ga an ja layi da fensir a ƙarƙashin wata jimla, an kuma rubuta a gefe, wai wannan mutumin bai da aikin yi. Ta daɗe tana kallon rubutun. Ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau, sai tabaran suka yi hazo, dole ta cire.

Ta tambaye ta ko a karɓa ne ko a sabunta. Yarinyar ta ce a sabunta, tana son ta ga ko zai kai ga zumar. Duba-Jaka ta juya hatimi zuwa mako biyu ta buga. Yarinyar ta jawo littafin ta karanta kwanan watan, ta ɗan yi lissafi da yatsu.

"Ranar ina da likita da safe. Sai da yamma zan zo."

"Ina nan," in ji Duba-Jaka. Ta mayar da tabaranta, ta miƙa hannu. "Kawo jakar in duba."